Jigawar Teku Da Garmarta

Kowane manomi ya san bambancin jigawa da fadama. Jigawa rairayi ce, in ba a kai mata taki ba gero ya kan fito rawaya-rawaya, zangarniya kamar yatsa. Fadama kuwa baƙar laka ce, ko da rani tana ba da rake da albasa. To, teku ma haka ya ke. Yana da fadamarsa, yana da jigawarsa, jigawar kuwa ta fi fadamar yawa nesa ba kusa ba. Masana sun auna, sun tarar manyan filayen ruwa guda 5 marasa albarka, biyu a Tekun Atlantika, biyu a Tekun Fasifik, ɗaya a Tekun Indiya, sun rufe wajen kashi 40 cikin 100 na fuskar duniya duka. Amma duk da haka ana samun amfani cikinsu fiye da yadda lissafi ya nuna da farko. Masana sun yi shekaru da dama suna neman inda takin ya ke fitowa.

SHUKAR TEKU

Shukar teku ba ta da saiwa, ba ta da kara, ba ta da ganye. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsiro ne da ke yawo cikin ruwa, ido ba ya ganin ɗayansu sai da madubin likita. Turawa suna kiransu faitofilanktan. In sun yi yawa su kan rina ruwa ya zama kore kamar gansakukar kududdufi, don haka ya kyautu a kira su gansakukar teku. Ita ce ciyawar da ƙwarin ruwa ke kiwo, ƙananan kifi su ci ƙwarin, manyan kifi su ci ƙanana, mutum ya zo da taru ya kwashe. In babu ita babu kifin teku ko ɗaya. Har wa yau kuma, in an haɗa dukan abincin da tsire-tsiren duniya ke ƙerawa da hasken rana a shekara, wajen rabinsa aikin gansakukar nan ne, sauran rabin kuwa na dazuzzuka da gonaki da makiyaya.

Abin da ta ke bukata shi ne abin da dawa ke bukata, watau rana da taki. Takin ma iri ɗaya ne: naitirojin, wanda manomi ke saye cikin buhun yuriya, da fosfaras, wanda ya ke saye cikin buhun sufa, da ɗan ƙarfe kaɗan. Cikin 1934 wani masani na Amurka, Alfred Redfield, ya gane gansakukar teku tana cin su bisa ƙa'ida, wadda daga baya aka tsayar kan naitirojin 16 ga fosfaras 1. A jigawar Atlantika ta arewa naitirojin ya kan riga ƙarewa, da ya ƙare kuwa girma ya tsaya.

RANA A SAMA, TAKI A ƘASA

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Takin teku ma yana ƙasa. Hasken rana ba ya shiga ruwa da ƙarfin da zai rayar da tsiro sai zurfin ƙafa 300 zuwa 500, ko da ruwan ya yi garau. Daga nan duhu ne har gindin teku, wanda a wurare da yawa ya fi mil 2 zurfi. Gansakuka ta ci takin da ke sama ta mutu, gawarta da kashin ƙwarin da suka ci ta su nutse, su ruɓe can cikin duhu. Saboda haka ruwan ƙasa cike ya ke da taki, amma ba haske. Ruwan sama yana da haske, amma ba taki.

Mai karatu zai ce, ai ruwa ruwa ne, me ya hana su gauraya? Zafin rana ya hana. Ruwan da rana ta ɗumama ba shi da nauyi kamar mai sanyi, sai ya yi ta zama a bisa kamar yadda man gyaɗa ke zama bisa ruwa. Bugu da ƙari, iskokin da ke kewaye da filayen nan suna tura ruwan sama zuwa tsakiya, ya taru, ya danne na ƙasa ya ƙara nitsar da shi.

Wanda aka fi bincike cikin filayen nan shi ne Tekun Sargaso, a Atlantika ta arewa, gabas da Amurka. Ba shi da gaɓa ko ɗaya, igiyoyin ruwa ne iyakarsa, tsibirin Bamuda kuwa yana cikinsa wajen yamma. Ruwansa shuɗi ne ƙwarai, matafiyi ya gani ya yi sha'awa, amma shuɗin nan alamar yunwa ce. Abin da ya fi jimre masa shi ne wani tsiro da Sallie Chisholm da abokan aikinta suka gano a can, suka ba da labarinsa cikin 1988, sunansa Prochlorococcus. Ba a san wani tsiro mai cin hasken rana da ya kai shi ƙanƙanta ba, cokalin shayi ɗaya na ruwan ya kan ɗauki dubban ɗaruruwansa. Shi ne geron jigawar teku, abu kaɗan ya ishe shi.

LISSAFI BAI CIKA BA

Tun 1954 a ke fita da jirgi daga Bamuda loto-loto ana ɗebo ruwa daga zurfi dabam-dabam ana aunawa, cikin 1988 kuma aka kafa wani awo mai faɗi da a ke yi kowane wata. Cikin shekarun 1980 wani masani, William Jenkins, na ma'aikatar binciken teku da ke Woods Hole a Amurka, ya bi lissafin ta wata hanya. Duk abin da ya ruɓe yana cin iskar shaƙa, watau oksijin. Sai ya auna yawan oksijin da ke ƙarewa a ruwan ƙasa kowace shekara, daga nan ya san yawan gawar gansakukar da ta nutse, ya kuma san yawan takin da lalle ta ci kafin ta mutu.

Da aka gwada wannan da takin da aka san hanyar zuwansa, sai aka ga giɓi babba. Hanyoyin da aka sani su ne sanyin hunturu, wanda ke sa ruwan sama ya yi nauyi ya nutse ya tono na ƙasa kaɗan, da kuma ɗan tsatsafowar da taki ke yi sama a hankali. Duka ba su biya ba. Kowane akawu ya san in littafi ya nuna buhu 100 sun fita daga sito, alhali abin da aka rubuta ya shiga bai kai haka ba, to, akwai wata ƙofa da malamin sito bai sani ba. Ƙofar nan aka shiga nema.

GUGUWAR RUWA

Da ma an riga an ga alamarta. Cikin 1959 da 1960 wani Bature na Ingila, John Swallow, ya saki waɗansu bututan ƙarfe kusa da Bamuda, waɗanda aka daidaita nauyinsu don su nutse su tsaya a zurfin da a ke so, suna ƙara ana binsu da jirgi. An zaci ruwan ƙasa yana tafiya a hankali ta fuska guda. Ashe ba haka ba ne. Bututan suka yi ta gudu da saurin da ya ninka abin da aka zata sau da yawa, wannan ya nufi nan, wancan ya nufi can. Cikin 1970 Rashawa suka yi wata 6 suna awo a Atlantika, cikin 1973 Amurkawa da Ingilishi suka yi nasu kudu maso yamma da Bamuda. Aka tabbata teku cike ya ke da ruwa mai juyawa.

Kada a ɗauka wannan guguwar irin ta iska ce mai karya jirage. Wani dunƙulen ruwa ne mai faɗi da ke juyawa a hankali, ya kan yi kwanaki kafin ya kewayo sau ɗaya, matuƙin jirgi ya ratsa ta kansa bai sani ba. Waɗansu daga manyan igiyoyin ruwa su ke ɓallewa, kamar wanda Turawa ke kira Gulf Stream a gabashin Amurka, sa'ad da ya yi lauje ƙwarai har laujen ya tsinke. Waɗansu kuma iska ce ke haifarsu in ta ratsa tsakanin duwatsun tsibirai.

Sai da aka harba tauraron ɗan Adam mai auna tudun ruwa, wanda Amurka da Faransa suka haɗa kai suka yi cikin 1992, sa'an nan aka iya ƙidaya su. Cikin 2011 Dudley Chelton da abokan aikinsa suka duba awon shekara 16, suka sami guguwa 35,891 waɗanda suka rayu mako 16 ko fiye. In an daidaita, kowacce ta kan yi mako 32, ta yi tafiyar mil 340, galibi yamma, faɗinta kuwa wajen mil 110, kamar daga Kano zuwa Katsina ke nan. Amma tudunta ko kwarinta bisa fuskar teku inci 3 ne kawai.

YADDA TA KE HUƊA

In mace ta dama fura ta ajiye, gari ya kan kwanta ƙasa, ruwa tsararo ya hau bisa. In ta sa ludayi ta juya, tsakiyar ƙwarya ta lotsa, abin da ya kwanta ya taso. Guguwar ruwa iri na farko kusan haka ta ke yi. A arewacin duniya tana juyawa hagu, watau saɓanin hannun agogo. Fuskar ruwa ta lotsa a tsakiyarta, ruwan ƙasa mai sanyi mai taki ya tuntsuro sama kamar kunya, har ya shigo inda haske ke kaiwa. Cikin 'yan kwanaki gansakuka ta same shi ta hau ci, ta ninka, ta sake ninkawa. Fadama ta samu ke nan a tsakiyar jigawa, fadama mai tafiya mil 2 ko 3 a yini.

Iri na biyu tana juyawa dama. Ita tara ruwan ɗumi ta ke yi a tsakiyarta, ta danna shi ƙasa. Sai a ce abin da waccan ta ba da, wannan ta karɓe. Amma Dennis McGillicuddy na Woods Hole da abokan aikinsa sun nuna cikin 1998 ba haka lissafin ya ke ba. Ruwan da aka ɗago cikin haske an cinye takinsa, an samu amfani. Ruwan da aka danna cikin duhu kuwa da ma ba taki cikinsa, ba abin da aka rasa. Falken da ya ci riba a tafiya ɗaya, a ta biyu ya koma da uwar kuɗinsa, ai ƙarshen shekara yana da riba. Suka ce wannan ita ce ƙofar da a ke nema. Dalilin da ya sa jirgin awo ya daɗe bai gan ta sosai ba kuwa, sau ɗaya ya ke zuwa a wata, wuri guda ya ke tsayawa, guguwa ta kan wuce kafin ya komo.

GONAKI BIYU NA 2005

Cikin 2005 masana suka bi guguwa biyu da jirage don su gani da idonsu. Ta farko a Fasifik ta ke, bayan tsibiran Hawayi, inda iskar da ke ratsa tsakanin duwatsu ta kan haifi irinta da hunturu. Suka sa mata suna Opal, faɗinta ya fi mil 120. A tsakiyarta suka tarar da wata irin gansakuka manya-manya da a ke kira dayatom, mai ɓawo kamar gilashi, wadda ba ta yin yawa sai inda taki ya wadata. An sa rai gawarta za ta nutse da yawa, ta tafi da iskar kabon da ta zuƙa zuwa ƙasan teku, gama wannan nutsewa tana cikin hanyoyin da teku ke rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Amma Claudia Benitez-Nelson da abokan aikinta suka ba da labari cikin 2007 cewa ƙananan ƙwarin ruwa sun cinye mafi yawanta tun tana sama, abin da ya nutse galibi ɓawo ne fanko. Gona ta yi kyau, tsaba ta ƙare a masussuka, ƙaiƙayi ya isa rumbu.

Ta biyu a Tekun Sargaso ta ke, da bazarar shekaran nan. Ita iri na uku ce, mai wani curin ruwa a cikinta kamar ƙwai, wanda ke tura ruwan da ke bisansa sama, na ƙarƙashinsa kuma ƙasa. Dama ta ke juyawa, in iska ta busa a kanta sai ta riƙa janye ruwan sama daga tsakiya, na ƙasa ya hau ya maye gurbinsa. Masana suka zuba wani abu mai alama cikinta suka auna, suka ga ruwa yana hawa wajen inci 16 a yini. Abin kamar kaɗan ne, amma ba ya fasawa. Dayatom ta yi cunkoson da da ƙyar aka taɓa ganin kamarsa a awon Bamuda, ta kuwa daɗe makonni. Ta Hawayi huɗa ɗaya aka yi mata, wannan kuwa kullum ana yi mata ban ruwa.

GARMA BA TA HAIHUWAR TAKI

Ba dukan masana suka yarda guguwa kaɗai ta cika giɓin ba. Cikin 1998 ɗin nan Andreas Oschlies na Jamus da Véronique Garçon ta Faransa suka yi nasu lissafi, suka ce guguwa tana kawo wajen sulusin naitirojin da ke hawa a wannan yanki na Atlantika, amma a ainihin tsakiyar jigawa ba ta isa ba. Hujjar da masu wannan ra'ayi ke kafawa kowane manomi zai gane ta. Guguwa ɗagowa ta ke yi, ba ta ƙera komi. In ta farko ta wuce ta kwashe takin da ke kusa, ta biyu ta biyo baya tun ruɓa ba ta mayar da shi ba, ruwa mara taki za ta ɗago.

Saboda haka aka duba waɗansu ƙofofi. Akwai wani tsiro cikin teku mai zare-zare, Trichodesmium, wanda ke kama naitirojin daga iska, kamar yadda ƙwayoyin da ke cikin ƙululun saiwar gyaɗa da wake ke yi. Shi kuwa ƙarfe ya ke bukata da yawa, ƙarfen nan ƙurar Sahara ke kai masa. Hazon da ke rufe Kano da Damagaram da hunturu, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya ke tasowa, in ya wuce gaɓa wani kashinsa cikin Atlantika ya ke zuba ya zama taki. Cikin 2016 kuma aka nuna a jigawar teku, da lokacin sanyi, guguwa mai juyawa irin ta biyu ta kan fi 'yar'uwarta kore, gama sanyi ya fi tona ruwa da zurfi a cikinta. Yanzu dai an daidaita kan cewa guguwa tana da babban rabo, amma rabon ya dangana ga irinta, da shekarunta, da lokacin shekara, da abin da ta tarar a ƙasa.

DAGA GAƁAR MURITANIYA

Guguwa tana wani aiki kuma, watau dako. Gaɓar Muritaniya da Sanigal tana cikin manyan fadamun teku na duniya, gama iska tana kore ruwan sama daga gaɓa, na ƙasa mai taki ya yi ta ɓuɓɓugowa. Wani kashi na kifin ƙanƙara da a ke sayarwa a kasuwannin Nijeriya daga can ya ke fitowa. Guguwa ta kan tashi daga gaɓan nan ta ƙunshi ruwa mai taki ta nufi yamma da shi. Cikin 2011 Nicolas Gruber da abokan aikinsa suka nuna a irin waɗannan gaɓoɓi guguwa rage amfani ta ke yi, don tana kwashe taki kafin a cinye shi. Abin da jigawa ta samu, fadama ce ta biya.

Wani loto ma abin ya kan yi yawa. Cikin 2010 wata na'urar awo da aka ɗaure a arewa da tsibiran Cape Verde, yamma da Sanigal, ta nuna oksijin ya kusa ƙarewa ƙaf a zurfin da bai kai ƙafa 150 ba. Johannes Karstensen na Kiel a Jamus da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka ba da bayani cikin 2015. Guguwa ce daga gaɓar Muritaniya. Gansakuka ta yi yawa a samanta, gawa ta yi ta nutsewa tana ruɓa, juyawar kuwa ta zama kamar ganuwa ta hana sabon ruwa shiga. Har ƙwarin ruwa da suka saba sauka ƙasa da rana su hau da dare suka daina sauka. Mai kiwon kifi da ya taɓa cika wa tafkinsa kashin kaji ya san abin da ke biyo baya.

INDA KIFI KE TARUWA

Masunta sun amfana da sanin nan. Cikin 2022 aka duba littattafan kamun fiye da shekara 20 na jiragen Hawayi masu su da doguwar igiya mai ƙugiyoyi, aka ga manyan kifaye iri 14, har da tuna, sun fi kamuwa cikin guguwa mai ruwan ɗumi. Ana ganin dalili shi ne abincinsu ya fi taruwa a ƙarƙashinta, ɗumin kuma yana ba su damar nutso da zurfi. Manyan jiragen su da yawa yanzu su kan duba taswirar tauraron ɗan Adam kafin su zaɓi wurin jefa igiya, kamar yadda makiyayi ke tambayar inda ruwa ya sauka kafin ya kora shanu.

Akwai kuma abin lura. Cikin 2008 Jeffrey Polovina da abokan aikinsa suka ba da rahoto cewa tsakanin 1998 da 2006 wuraren da suka fi talauci a teku sun ƙaru da wajen kashi 15 cikin 100, filin da ya kai Nijeriya sau 7, a daidai lokacin da ruwan sama ke ƙara ɗumi a wuraren. Duk sa'ad da sama ya ƙara ɗumi, haɗuwarsa da ƙasa ta ƙara wuya, sai a ƙara dogara ga abin da guguwa za ta iya ɗagowa.

Manomi ba shi da jirgi, amma darasin ya shafe shi. Wanda ya sami garmar shanu ko tarakta, shekarar farko ya kan ga gona ta yi kyau, gama an tono abin da ya daɗe a kwance. In ya zaci garma ce ta kawo albarkar, ya daina kai taki, ya kwashe kara da harawa ƙaf bai bar kome ya ruɓe ba, shekara ta huɗu garmar za ta juyo masa rairayi. Teku mai zurfin mil 2 ma sai abin da ya nutse ya ruɓe sa'an nan guguwa ta sami abin ɗagowa, balle gonar da ƙasarta mai rai ba ta wuce taƙi guda ba. Tun da rani ya kamata a fara kai taki, kafin jakuna da amalanke su yi tsada.